Wace irin alobera ce mai tsayi a duwatsun Limpopo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatu a Afirka ta Kudu, kuma a watan Yuli na bi hanyar Polokwane a lardin Limpopo, inda na ga wani tsiro a kan tuddai masu duwatsu. Ya fi mutum tsayi, ganyensa kauri ne da shi, da ƙaya ciki da baya, furensa kuma ruwan lemo ne a kan rassan da suka kwanta gefe. Shin alobera ce, kuma ana iya yin magani da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka gani dangin alobera ne, amma ba irin wadda ake shukawa a gida ba ce, domin ita ta gida ba ta yin gangar jiki mai tsawo. Bisa wurin da ka ambata da yadda ka kwatanta furen, na fi kyautata zaton Aloe marlothii ce, wadda masanin tsirrai Alwin Berger ya bayyana a 1905, ya sa mata sunan wani masanin tsirrai, Rudolf Marloth. Tana fitowa a tuddai masu duwatsu na arewacin ƙasar, har zuwa Botswana da Zimbabuwe da Mozambik.

Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce Aloe ferox, kuma ba laifin mai kallo ba ne, domin dukansu gangar jiki ɗaya suke yi, mai kai mita 2 zuwa 3 ko fiye, dukansu kuma busasshen ganyensu ba ya faɗuwa, sai ya lulluɓe gangar kamar bujen ciyawa. Fure ne yake raba gardama. Rassan furen ferox a miƙe suke sak, yawanci 5 zuwa 8, furanni sun kewaye kowane reshe ta ko'ina. Na marlothii kuwa sun fi yawa nesa ba kusa ba, a kishingiɗe suke, furannin kuma sun jeru a gefen sama kawai suna kallon samaniya. Ka yi sa'ar zuwa a Yuli, wato tsakiyar sanyin can, lokacin da suke fure; da a Janairu ka je, da aikin ya yi wuya.

Ban yarda a dogara da ƙaya kaɗai ba. Gaskiya ne marlothii ta fi yawan ƙaya a fuskokin ganye biyu, amma ƙaramar ferox ma tana da ita sosai, sai ta ragu idan tsiron ya manyanta. Wuri ya fi ƙaya zama hujja, domin ferox ta kudu ce, daga wajajen garin Swellendam ta ratsa lardin Gabashin Kef zuwa kudancin KwaZulu-Natal da Lesoto, ba ta kai Polokwane a daji. A KwaZulu-Natal ne ake bukatar natsuwa, inda ake samun marlothii mai rassa kusan a miƙe, ga shi kuma jinsunan alo, wato dangin alobera, suna barbara da juna cikin sauƙi.

Game da magani, ina roƙonka ka yi hattara. Ruwan rawaya mai ɗaci da ke fita idan an yanki ganyen yana ɗauke da sinadarin aloyin, mai sa gudawa mai ƙarfi da murɗawar ciki, kuma bai dace da mai juna biyu ba ko kaɗan. Daga ferox ake tara irin wannan ruwa a yankin garin Albertinia da ke kudancin ƙasar, a dafa shi ya daskare, a sayar da shi bisa awo sananne, wanda ya sha bamban da mutum ya yanko ganye a daji ya sha. Haka kuma dokokin larduna suna neman izini kafin a tuge alo na daji, kuma fitar da marlothii daga ƙasar yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe. Idan kana son tabbatarwa, ɗauki hoton furen daga gefe, da bayan ganye, da tsiron gaba ɗaya, ka rubuta wuri da wata, ka nuna wa sashen nazarin tsirrai na jami'arku.