Muryar WhatsApp: Amsa kan wanda ya rubuta Mista Bin

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da dare. Ƙanena, na ji muryar da ka turo ɗazu, inda kake cewa wai Mista Bin ba shi da marubuci tunda ba ya magana, kawai kyamara ake kunna masa ya yi ta shirme. To ka yi haƙuri, yau kam ba mu shirya ba.

Akwai wani Bature, Richard Curtis. Shi da Rowan Atkinson, wato shi Mista Bin ɗin, su biyu suka ƙirƙiro shirin. A jami'ar Oxford suka haɗu tun suna ɗalibai. An fara nuna shi a tashar ITV a 1990, kuma ka san wani abin mamaki? Duka-duka kashi 15 ne. Wallahi da na ji haka sai da na yi dariya, don yadda muka riƙa kallonsa muna yara, na ɗauka ya fi ɗari.

Ka gane, barkwancin da babu magana a cikinsa ya fi wuyar rubutu. Sai an zauna an tsara: ga inda zai juya, ga inda zai yi tuntuɓe, ga lokacin da na kusa da shi zai waiwayo. In aka yi saurin daƙiƙa ɗaya, dariyar ta tsere.

Shi Curtis ɗin a Niyu Zilan aka haife shi, 1956, amma a Ingila ya yi karatu, can ya yi suna. Da talabijin ya fara. Abin da ya ɗaga shi sama shi ne fim ɗin Four Weddings and a Funeral na 1994. Shi ya rubuta, Mike Newell ya ba da umarni. Kuɗin da aka kashe bai kai fam miliyan 3 ba, amma ya kawo fiye da dala miliyan 240. Fim ne na biki huɗu da jana'iza ɗaya fa, babu harbi, babu mota tana kama wuta. Hira ce kawai da aka iya ɗinkawa. Daga nan sai Notting Hill a 1999, sannan Love Actually a 2003, wanda shi ne na farko da ya ba da umarni da kansa. Ni dai, in ka tambaye ni, wasu finafinan nasa zaƙinsu ya yi yawa, kowa mai kirki ne, kowa na da gida mai kyau a Landan. Amma fa ana saye.

Af, na kusa mantawa. Ya je Habasha a 1985 lokacin yunwar nan, ya ga abin da ya gani. Bayan ya dawo, shi da ɗan barkwanci Lenny Henry suka kafa gidauniyar Comic Relief, inda masu ban dariya ke wasa a talabijin jama'a na ba da sadaka. Sun tara fiye da fam biliyan 1.

Don haka ƙanena, in ka sake kunna Mista Bin, kar ka tsallake sunayen nan da ake rubutawa a allo. Duba da kyau, za ka ga na Curtis, har da na wani Robin Driscoll da suka rubuta shirin tare. Caji na ya kusa ƙarewa, sai da safe.