Gwaji, jaraba, horo, da maganar "hali zanen dutse"

Wata mai karatu daga Kafanchan ta tambaya: "Malam, a coci wani ya ce Allah yana gwada mu, wani ya ce jarabtarmu yake yi, wani kuma ya ce horo ne. Duk abu ɗaya ne?"

Ba ɗaya ba ne, Malama, ko da yake maƙwabtan juna ne. Gwaji daga "gwada" yake, wato a auna abu don a san ingancinsa. Jaraba kuwa aro ce daga Larabci, kuma a can ma'anarta gwaji ce, shi ya sa ɗalibi ke rubuta jarrabawa. Amma a bakin Bahaushe ta karkata zuwa kwaɗayin da ya fi ƙarfin mai shi. In aka ce wane jarababbe ne, ai ba yabonsa aka yi ba. Wannan rabuwa tana da amfani ga mai karanta wasiƙar Yakubu. A Helenanci, harshen da aka rubuta ta da shi, tushen kalma ɗaya ne a 1:2 da 1:13, alhali ayar farko tana maganar wahalar da ke haifar da jimiri, ta biyun kuma tana cewa Allah ba ya jarabtar kowa, mugun burin mutum ne ke jansa. To, in abu yana auna bangaskiya, ki ce gwaji. In yana ja zuwa zunubi, ki ce jaraba. Rashin albashi wata shida gwaji ne. Tunanin taɓa kuɗin zumuntar mata da aka ba ki ajiya a cikin watannin nan, wannan jaraba ce.

Horo shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta, don kunne ya saba jinsa tare da bulala. Amma ana horar da doki, ana horar da soja, kuma ba laifi suka yi ba. Kalmar Helenanci da ke Ibraniyawa 12:5-11 tana nufin tarbiyyar yaro, har da tsawatawa a ciki, shi ya sa nassin ya ce wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake horo. Hukunci yana duban laifin da ya wuce, horo kuwa yana duban abin da ake so mutum ya zama.

Wani ɗan'uwa daga Wusasa ya rubuto: "Hausawa sun ce hali zanen dutse, sun kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaya za a daidaita wannan da wa'azin cewa Allah yana sāke mutum ta wurin wahala?"

Sai mun shiga gidan magina tukuna, don can Irmiya 18 ta kai mu. Ana haƙo yumɓu a jiƙa shi, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a zuba garin tsohon kasko ko ƙaiƙayi don ya rage tsagewa, sannan a tattake shi har ya haɗe. Bayan an gina tukunya, a inuwa ake fara shanya ta, don rana mai zafi tana busar da bayanta ta bar cikin da danshi, sai ta tsage. In ta bushe sarai ne ake gasawa. Tsakuwar da aka manta ko danshin da ya saura, wuta ce ke tona su: ruwan ya zama tururi, ya rasa mafita, tukunya ta fashe. Wutar ba ita ta sa aibin ba, can ta same shi.

A Irmiya 18:4 tukunyar ta lalace tun tana ɗanya a hannun magini, sai ya dunƙule yumɓun ya gina wata. A sura ta 19 kuwa, tulun da annabin ya fasa a gaban dattawa gasasshe ne, aka ce ba ya gyaruwa. Masu wa'azi da yawa suna tsayawa a 18 su manta 19, a ganina kuwa tare ya kamata a karanta su. Kenan karin maganar icce ɗanye bai saɓa wa nassin ba, sai dai ɗanyantakar a nan ba ta shekaru ba ce, ta zuciya ce da ke jin magana. Musa yana da shekara 80 ya tsaya gaban Fir'auna, bayan ya kashe mutum ya gudu, ya yi shekara 40 a Madayana yana kiwo.

Zanen dutse fa? Dubi Yakubu ɗan Ishaku. Ya sa fatar akuya ya yaudari ubansa makaho, ya karɓe albarkar ɗan'uwansa Isuwa. Sai ya faɗa hannun kawunsa Laban, wanda ya fi shi iya wayo: aka kai masa Lai'atu maimakon Rahila, ya yi bauta shekara 20, 14 don mata, 6 don garke, aka sauya masa lada sau goma. A mashigin kogin Yabbok wani ya yi kokawa da shi har wayewar gari, aka goce masa ƙugu, aka sa masa suna Isra'ila, ya tafi yana ɗingishi ya sunkuya wa ɗan'uwan da ya cuta har sau bakwai. Wannan sauyi ne babba. Amma a Farawa 37 sai ga shi yana fifita Yusufu a kan sauran 'ya'yansa, irin son kan da ya raba gidan da ya tashi a ciki, 'ya'yan kuma suka yaudare shi da jinin akuya. Don haka ba zan ce Hausawa sun yi kuskure ba. Naci da dabarar Yakubu ba su goge ba, alƙiblarsu ce ta sauya: hannun da ya riƙe diddigen ɗan'uwansa ranar haihuwarsu shi ne ya riƙe mai kokawa da shi, ya ce ba zai sake shi ba sai ya sa masa albarka.

Wani kuma ya tambaya ko daidai ne a ce wa mai jinya ko mai makoki "Allah ne yake horonka."

Kul. Abokan Ayuba sun yi irin wannan fassara, Allah ya tsawata musu a Ayuba 42:7. A Yohanna 9 ma, da almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba ne. Akwai kuma wahalar da mutum ya jawo da hannunsa, irin ta tsuntsun da ya ja ruwa, wadda 1 Bitrus 2:20 ta ce jimre ta ba abin yabo ba ne. Rarrabe waɗannan aikin mai wahalar ne shi da Allahnsa, sau da yawa ma sai bayan abin ya wuce. Mai zuwa gaisuwa ya tsaya a kan "sannu," "yaya jiki," "Allah ya ƙara sauƙi," a gidan makoki kuma "yaya haƙuri." In shi da kansa ya ce horo ne, sai a saurare shi.