Magungunan ciwon baifola: me suke yi a cikin ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Likita, ƙanina yakan yi makonni cikin zumuɗi ba barci, sai kuma ya faɗa cikin ƙunci. An ce baifola ce, an ɗora shi kan lithium. Wai gishiri ne. Yaya gishiri zai gyara ƙwaƙwalwa?

Amsa: Gishiri ne, Malam, amma ba na miya ba. John Cade, wani likita a Ostireliya, shi ya nuna amfaninsa a 1949. Idan saƙo ya iso ƙwayar jijiya, ana shigar da shi ciki ne da wani sinadari da ake haɗawa daga inositol, wani nau'in sinadari mai kama da sukari. In an gama, inzayim (sinadarin da ke hanzarta wani aiki a jiki) mai suna IMPase ke maido da inositol ɗin don a sake amfani da shi, kuma inzayim ɗin ba ya aiki sai da ma'adinin maginiziyam. Lithium sai ya hau gurbin maginiziyam ya zauna, aikin ya ragu. Masana na ganin ƙwayoyin jijiyar da suka fi rawar kai su ne suka fi cin inositol, don haka su ke fara lafawa. Haka kuma yake danne GSK-3, inzayim mai hannu a tsarin barci da farkawa. Wannan gyara ba ya zuwa dare ɗaya, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku.

Tambaya: Ina shan lithium, ina son yin azumi, kuma nakan sayi diclofenac a kemis saboda ciwon baya.

Amsa: Diclofenac ɗin ya fi tayar mini da hankali. Ƙoda ce kaɗai ke fitar da lithium, kuma ba ta bambanta shi sosai da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishirin miya. In jiki ya rasa ruwa da gishiri, ta zufa ko gudawa ko ƙishirwar azumi a watannin zafi, sai ƙoda ta riƙe sodiyam, ta haɗa da lithium. Diclofenac da ibuprofen su ma suna hana ta fitar da shi, haka wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Ana son ma'auninsa a jini ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.0, in ya haura 1.5, ya fara zama guba. Alamun su ne rawar hannu mai ƙarfi, amai, tangaɗi da sarƙewar harshe. Wanda ya ga haka ya dakatar da maganin ya nufi asibiti. Ka koma paracetamol, ka ga likitanka kafin watan ya kama. Ana ɗibar jinin awo awa 12 bayan shan ƙwaya ta ƙarshe, a kuma duba ƙoda da tayirod (wani ƙullin da ke wuya) duk wata shida.

Tambaya: Ina kan valproate, ni da maigidana muna neman haihuwa. In daina?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki yanke da kanki, ciwon na iya dawowa da ƙarfi. Valproate na ƙara GABA, sinadarin da ke kwantar da jijiyoyi, yana kuma rage shigar sodiyam cikinsu. Sai dai yana danne inzayim HDAC, wanda ke tsara buɗewa da rufewar ƙwayoyin gado, abin da ɗan tayi ya dogara da shi. Kusan jariri ɗaya cikin goma na zuwa da nakasa, musamman ta ƙashin baya. Ki je a sauya miki tun kafin cikin ya shiga.

Tambaya: Me ya sa ake ƙara mini lamotrigine kaɗan-kaɗan?

Amsa: Saboda fata. Maganin na toshe ƙofofin sodiyam, ya rage fitar glutamate mai zaburar da jijiyoyi, kuma ya fi ƙarfi wajen hana dawowar ƙunci. Gaggawa na iya jawo ƙuraje masu saɓule fata. Ana farawa da miligiram 25 kullum na mako biyu, sannan 50. Mai shan valproate rabin haka yake sha, domin valproate na hana hanta sarrafa shi. Ƙuraje da zazzaɓi ko gyambon baki, a dakatar a je asibiti ranar.