Wane ne Maharishi Mahesh Yogi, kuma koyarwarsa addini ce?

Ɗan'uwa, ka ce abokin aikinka a Landan ya ba ka shawarar ka koyi hanyar natsuwa ta Maharishi saboda rashin barci, kana tambaya ko addini ce.

Maharishi ɗan Indiya ne, almajirin Swami Brahmananda Saraswati, wani babban malamin addinin Hindu. Ya isa Amurka a 1959, sunansa ya ƙara fita da mawaƙan Beatles na Ingila suka je wajensa a garin Rishikesh na Indiya a 1968. Ya rasu a Holan a 2008.

Hanyar ba wuya: ka zauna, ka rufe ido, ka riƙa maimaita wata kalma a zuci, minti 20 safe da yamma. Mabiyansa sun ce ba addini ba ce. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kafin a ba ka kalmar, mai koyarwa zai yi waƙen yabo da harshen Sanskrit, tsohon harshen Indiya, gaban hoton malamin Maharishi, kai kuma ka kawo furanni, 'ya'yan itace da farin hankici. A 1977 wata kotu a jihar New Jersey ta Amurka ta hana koyar da hanyar a makarantun gwamnati na jihar, don ta ga addini a ciki.

Ka kai wa malaminka na addini wannan bayanin tukuna, kafin ka biya kuɗi, don ba kaɗan ba ne. In kana shan magani kar ka ajiye shi. Rashin barcin da ya daɗe kuwa, likita ya kamata ya duba.