Murya: amsar tambayar kwalabe uku da zaman ranar Asabar

To barkanku da dare, 'yan gida. Mutumina, na ga hoton da ka turo, kwalaben wiskin Kanada uku a kan tebur, Crown Royal da Canadian Club da J.P. Wiser's Deluxe, kana tambaya wai wacce ce Rye ta gaske a cikinsu, kuma mutum shida za su zo maka ranar Asabar. Maganar da tsawo, shi ya sa na ƙi rubutu, ku yi haƙuri da muryar.

Ni dai abin da na fahimta, ba wacce ta fi kake tambaya ba. Tsoronka kar ka tara mutane su kurɓa su ce ai duk ɗaya ne. Kuma da waɗannan ukun, haka za su ce. Ba don wiskin ba shi da kyau ba, a'a. Ka ɗauko 'yan iri ɗaya ne. Dukkansu ƙarfin barasarsu kashi 40 cikin 100, dukkansu masara ce ta fi yawa a ciki, dukkansu an yi su ne don su yi laushi a sha da soda. Kamar ka jera farar shinkafa kwano uku ka ce a zaɓi wadda ta fi yaji.

Batun Rye ɗin nan, a nan mutane suke ruɗewa. Rye dai shi ne hatsin rai, wani hatsi ne ɗan'uwan alkama da sha'ir, yana jure sanyi, shi ke ba wiski wannan yaji-yajin kamar masoro da kanumfari. A Amurka idan ka rubuta Rye a kwalba, dole hatsin rai ya kai kashi 51 na abin da aka dafa, kuma a sabuwar gangar da aka babbake cikinta za a ajiye. A Kanada babu wannan sharaɗin. Dokarsu ta ce a dafa a Kanada, a tace a Kanada, a ajiye a gangar katako wadda ba ta wuce lita 700 ba na aƙalla shekara 3, kuma kada ƙarfin ya gaza kashi 40. Shi ke nan. Idan ka cika waɗannan, kana iya kiransa Canadian Whisky ko Canadian Rye Whisky ko Rye Whisky kawai, ko da ƙwayar hatsin rai ɗaya ba ta shiga ba. Sunan tsohon abu ne. Tun zamanin da alkama ce ake yi da ita, wasu suka fara barbaɗa ɗan hatsin rai don ɗanɗano, masu saye suka riƙa cewa a ba su mai rai ɗin nan, sunan ya bi duka. To ka ga tambayar wacce ce ta gaske ba ta da amsa a jikin takardar kwalba, sai ka ga an rubuta kashi nawa.

Abin da ya kamata baƙinka su gane a zaman nan shi ne yadda ake haɗa shi, don nan ne Kanada ta bambanta. Ba'amurke mai yin bourbon, wato wiskinsu na masara, yana zuba masara da hatsin rai da sha'ir a tukunya ɗaya, ya dafa tare. Yawancin manyan gidajen Kanada kowane hatsi daban suke dafa shi, daban suke tace shi, daban yake kwana a ganga, sai a ƙarshe mai haɗawa ya auna ya gauraya. Kuma iri biyu suke fitarwa. Akwai na gindi, yawanci na masara, ana tace shi a doguwar hasumiya har ya kai wajen kashi 94, ya fito fes, kusan babu ƙamshin hatsi, a zuba a tsofaffin ganguna. Sai na ɗanɗano, wanda ake tsayarwa ƙasa-ƙasa, wajen 65 zuwa 70, sau da yawa a ƙarasa shi a tukunyar jan ƙarfe, shi ke riƙe man hatsin da yajinsa. Na gindi tuwo, na ɗanɗano miya. Kwalaben nan naka tuwon ya yi yawa, miyar kaɗan. Canadian Club ma, bari in cire ta daga wannan bayanin, ita kafin a zuba a ganga ake gauraya ta, su kwana tare. Amma dai ƙarshen zance ɗaya ne a baki.

To ga abin da za ka yi. Ka bar Crown Royal a kan tebur ta wakilci 'yan'uwanta, sauran biyun ka mayar kabad. Ka je LCBO, shagon giyar gwamnatin Ontario, ka nemo Alberta Premium, ta yau da kullum ɗin, mai kashi 40, ba ta da tsada. A Calgary ake yin ta, kuma hatsin rai ne zalla, ɗari bisa ɗari. Sai Lot No. 40, wadda ake yi a Windsor, gidan Hiram Walker da ke kallon Detroit ta tsallaken kogi, ita ma hatsin rai zalla, kashi 43. Waɗannan biyun su ne zuciyar zaman. Hatsi ɗaya, amma wanda bai sani ba zai rantse ba dangi ba ne. Alberta ɗin sauƙi gare ta, ɗan zaƙi, yaji a can ƙarshen harshe, don mafi yawanta an tace shi sama sosai kamar na gindi. Lot 40 kuwa ta bi ta tukunyar jan ƙarfe, ta kwana a sabuwar ganga, sai ka ji kanumfari da kirfa da wani ƙamshi kamar baƙin burodi, da ɗan ɗacin katako. Duk wanda ya kurɓi waɗannan a jere, ya daina cewa hatsi ne kaɗai ke magana. Tukunya da ganga ma suna da baki.

Ta huɗu, Crown Royal Northern Harvest Rye, kashi 90 hatsin rai, ƙarfi 45. Gida ɗaya da ta farkon, Gimli a Manitoba, bakin tafkin Winnipeg, to ka ga an sami wani gwajin kuma, gida ɗaya hatsi daban. Ita ce wadda Jim Murray, Baturen Ingilan nan mai rubuta littafin wiski, ya ce ta fi kowane wiski a duniya na shekarar 2016, aka yi ta wawaso har ta ƙare a shaguna. Kada ka faɗa wa baƙinka wannan kafin su sha. Na roƙe ka. Da zarar mutum ya ji an ce lambar yabo, hancinsa ya tafi hutu. Ra'ayin mutum ɗaya ne fa. Wiskin yana da kyau, yana da ƙamshin 'ya'yan itace kamar tuffa, amma mafi kyau a duniya, kai, a bar maganar.

Ta biyar idan aljihu ya yarda, Alberta Premium Cask Strength, wadda ba a sirka da ruwa ba, yadda ta fito daga ganga. Ƙarfinta ya haura 60, ana samun mai 65, ya danganta da zubin shekarar, ka duba jikin kwalbar.

Jerin kuwa, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. Crown Royal, Alberta, Lot 40, Northern Harvest, sai mai ƙarfin. A'a, tsaya in gyara. Ka sa Northern Harvest kafin Lot 40. Ko da yake ta fi ta da maki biyu a ƙarfi, Lot 40 ta fi nauyi a baki, sabon katakon nan yana manne wa harshe, duk abin da ya biyo bayanta sai ya zama salam. Lamba ba ita kaɗai ake dubawa ba.

Awo: mililita 15 kowane zubi, cokalin shayi uku ke nan. Kada ka zuba da ido, hannun mai gida nauyi gare shi. Kwalbar mililita 750 tana ba da irin wannan zubin 50, ku bakwai har da kai mililita 105 kawai za ku taɓa a kowace kwalba, don haka idan ka sami ƙarama mai 375, wadda suke kira mickey, ta isa har da saura. Zubi biyar ɗin nan idan ka haɗa, barasar da ke ciki wajen mililita 35 ce, daidai da awon sha biyu a lissafin Kanada, tunda awo ɗaya shi ne mililita 43 na mai kashi 40. Kuma na san ku, za a koma zagaye na biyu. A Ontario idan awon barasar da ke jininka ya kai 0.05 ɗan sanda yana iya dakatar da lasisinka nan take a bakin titi, 0.08 kuwa ya zama babban laifi. Kowa ya bar motarsa a gida, ko a sami wanda ba ya sha ya kwashe mutane.

Kofi, ka samo mai tumbi a ƙasa da tsukakken baki, irin Glencairn. Babu? Ƙaramin kofin giyar inabi ya yi. Faffaɗan tambulan yana barin ƙamshi ya gudu, kofin roba kuwa nasa warin yake ƙarawa. Ka ɗauraye da ruwa zalla sosai, saura sabulu kaɗan ya isa ya ɓata komai. Ka zuba ka bari minti 10 kafin a kai hanci, zafin barasar da ke sama ya ɗan tashi. A shinshina da baki a ɗan buɗe, kada a cusa hanci ciki, musamman ta ƙarshen, sai ta toshe maka hanci na ɗan lokaci. Kurɓin farko ba a yanke hukunci da shi, harshe ne ke sabawa. Na biyu ake riƙewa a baki a juya.

Ruwa, ba mai sanyi ba, kuma ba ƙanƙara. Sanyi yana danne ƙamshi, ya kashe harshe. Masu kashi 40 ɗigo biyu ko uku ya isa, ko a bar su haka, don an riga an sirka su, ka ƙara su lalace. Mai 65 ɗin ga lissafi: 15 sau 65 a raba da 45, ya ba ka kusan 22. Wato ka ƙara ruwa mililita 7, cokalin shayi ɗaya da ɗan rabi, ta sauko daidai da Northern Harvest, sannan a gwada su a kan gaskiya. Kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, ruwan da ya shiga ba ya fita.

Sai suya. Na san ka riga ka yi oda. Bayan an gama, don Allah. Yajin ƙuli da barkono idan suka zauna a harshe, yajin hatsin rai da muke nema ina za a ji shi? Tsakanin kofi da kofi farin burodi ko biskit marar zaƙi da ruwa. Turare ma haka, ka gaya musu, kuma kada madam ta sa turaren wuta a falon ranar, duk zaman aikin hanci ne.

Kuma ka rufe kwalaben, ka naɗe da takarda ka sa lamba 1 zuwa 5, har da murfin, don surar kwalbar Crown Royal ko makaho ya shafa ya gane ta. Gara ma ka zuba a kicin ka kawo. Kowa ya rubuta abin da ya ji kafin a buɗe baki, in ba haka ba wanda ya fi surutu ya ce zuma, duk sai kowa ya ji zuma.

Kuma kalma ɗaya na haramta, wai tana wucewa sumul. Wannan kalmar ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Ruwan famfo ma sumul yake wucewa. Sumul ba ɗanɗano ba ne, rashin abin faɗa ne. Ita ce ta jawo wa wiskin Kanada raini, har ake masa ba'a wai vodka ce mai launin ƙasa, saboda shekara da shekaru abin da aka riƙa tallatawa ke nan, laushi, laushi, alhali mai yajin yana nan a ganguna. Ka san WhistlePig ta Vermont a Amurka da ake saya da tsada? Mai shekara 10 ɗin da ta yi mata suna daga Alberta aka sayo ruwan. Mutumin da zai yatsina fuska ga Alberta Premium shi ne zai yaba wancan don kwalbar ta tsallaka iyaka ta dawo. In mutum ya ce sumul, ka tambaye shi, sumul da ƙamshin me? Dabino? Ɓawon lemu? Citta? Alewar madara? Ya faɗi wani abu.

Wani zai tayar da maganar kashi 9.09, na san wanda zai tayar ma. E, gaskiya ne, doka ta yarda a ƙara har kashi ɗaya cikin 11 na wani abu, giyar inabi kamar sherry, ko wata barasar da ta yi shekara 2 a katako, kuma an yarda da ƙonannen sukari don launi. Shi ya sa ba a auna shekaru da duhun launi. Amma ba kowa ke amfani da damar ba, kuma ba kullum ha'inci ba ne. Alberta Dark Horse a fili suka faɗa, 91 hatsin rai, 8 bourbon, 1 sherry. Na so in ce ka ƙara Forty Creek ta Grimsby ma, amma a'a, bar shi, shida ta yi yawa, bayan kofi na biyar harshe ya gaji, sai wani zaman.

Af, ginger ale ɗin, lemon cittar nan da na hango a bayan hoton, ka sa a firij. In an gama rubutu an buɗe lambobi, ka fito da Canadian Club da Wiser's ɗin da muka ɓoye, a haɗa da shi da ƙanƙara, a kawo suyar. Ka turo mana hoton takardun da suka rubuta, ina so in ga mutum nawa suka gane lamba 2 da lamba 5 gida ɗaya ne.