Tambaya da Amsa: Sulken gado ya yi tsatsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mun gaji wani sulke daga kakanmu, wanda ƙanena yake sanyawa a Hawan Daushe. Da muka buɗe adaka bayan damina, sai muka tarar tsatsa ta kama kafaɗunsa da hammata. Wasu sun ce mu jiƙa shi a ruwan batir, wasu kuma sun ce mu murza shi da yashi. Wanne ne daidai? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ruwan batir kam kada ya kusanci sulken nan, domin yana cin tsatsa ya kuma ci ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Batun yashi kuwa yana da asali, amma kafin a zo gare shi sai kun san irin sulken da ke hannunku.

Ka ɗauki zobe guda ka dube shi a hasken rana. A saƙar da aka fi sani, kowane zobe yana sarƙe da zobba huɗu. Idan ka ga an buga bakin zoben ya yi faɗi, an ɗora gefe bisa gefe, an kuma danne su da 'yar ƙusa mai kama da ƙwayar gero, to mai yiwuwa tsohon aiki ne, irin wanda fatake suka riƙa shigowa da shi ta Sahara. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da sulke da lifidi da kwalkwali, saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami tsoho ƙwarai a gidan sarauta. Idan kuwa bakin zoben haɗe kawai yake babu ƙusa, galibi aikin baya-bayan nan ne.

Sabon sulke yana jure yashi. Ana zuba shi a ganga tare da busasshen yashi mai laushi, a yi ta mirgina ta har zobba su goge juna, kamar yadda mayaƙan Turai suka riƙa yi a zamanin da. Tsohon kuwa ban yarda a yi masa haka ba, saboda ƙusoshinsa sun riga sun sirance, kuma wasu zobban suna ɗauke da hatimin maƙeri wanda yashi zai shafe. Abin da yake bukata shi ne a shimfiɗa shi a kan tabarma, a ɗiga man keken ɗinki a inda jar tsatsa take, a bar shi ya kwana, sa'annan a bi da buroshin haƙori a hankali, ana sharewa da tsumma har tsumman ya daina yin ja. Duhun da ya lulluɓe sauran jikinsa ba cuta ba ne, kariya ce, kuma a ganina neman ya yi ƙyalli kamar sabon kwano ɓarna ce. Ku guji man gyaɗa da manja, domin suna yin danƙo su tara ƙurar hunturu.

Wurin da tsatsar ta kama ya nuna cewa zufa ce sanadi, wato an adana shi bayan hawa ba a goge ba. Nan gaba ƙanenka ya sa riga mai kauri a ciki, idan an sauka kuma a shanya sulken ya bushe sarai, a shafe shi da tsumma mai ɗan maiƙo, a naɗe shi a farin ƙyallen auduga maimakon leda ko jakar fata, waɗanda suke riƙe danshi. Kada a rataye shi a ƙusa, domin nauyinsa, wanda kan kai kilo 10, yana buɗe zobban kafaɗa. Inda zobe ya ɓalle, maƙeri ya yi amfani da filaya ya sa wani mai kaurin sauran zobban, ba tare da walda ba. Ku riƙa buɗe adakar sau biyu ko uku a cikin damina, musamman a watan Agusta.