Me Ya Sa Muke Ƙin Kwalbar Jini Saboda Lamba Ɗaya?

Ka tambaye ni, ɗana, dalilin da ya sa na ƙi kwalbar jinin da aka kawo daga ɗakin haihuwa, alhali nas ta ce matar jini take zubarwa, kuma kuskuren bai wuce lamba ɗaya a lambar katinta ba. Ka ce ai da mun gyara da biro mun ci gaba. Zauna ka ji.

Mu a ɗakin gwaji da ajiyar jinin nan ba mu ga matar ba. Kwalba muka gani da rubutu a jikinta. Idan rubutun kwalba ya saɓa da na takardar neman jini, ba mu san jinin wa ke ciki ba, ko da nas ta rantse. Shiga ɗakin mata ka kira Aisha Muhammad ka ga mutum nawa za su amsa. Ga wadda aka rubuta da sunan mijinta jiya, yau kuma da na mahaifinta. Ga masu yawa da ba su san ranar haihuwarsu ba. Lambar kati ce kaɗai ke raba su, ita ce kuwa kake so mu gyara da ka.

Gwajinka zai iya fita daidai ɗari bisa ɗari, ka ce rukunin A ne, kuma A ɗin ne, sai dai na maƙwabciyar gadonta ne. Ita mai zubar da jinin O ce. Tun 1901 Karl Landsteiner ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, kuma mai O yana ɗauke da sinadaran da ke yaƙar A da B a ruwan jininsa tun kafin a taɓa yi masa ƙarin jini. Da jinin A ya shiga jijiyarta, ko ɗan kaɗan ne, sai ƙwayoyin su fara fashewa. Sanyi ya kama ta, zazzaɓi ya taso, bayanta ya ɗau ciwo, fitsari ya koma ja ko baƙi, ƙoda ta tsaya, jinin da ake son tsayarwa ya ƙi daskarewa. A Birtaniya tun 1996 suke tattara rahoton irin waɗannan haɗurra, kuma abin da ke ta maimaituwa shi ne kuskuren mutum: an ɗebi jinin wani an rubuta sunan wani, ko an ɗauko ledar wani an rataya wa wani. Can fa ga kwamfuta ga abin hannu mai lamba. Ina ga mu da biro da filasta?

Shi ya sa doka take cewa wanda ya ɗebi jinin shi zai rubuta sunan, a bakin gado, kafin ya ɗaga ƙafa. Ba a rubuta kwalba kafin a ɗiba, ba a tara kwalabe a tire a je tebur a rubuta. Kuma ba a cewa "Ke ce Aisha?" Mai jin jiki komai ka ce mata "eh" za ta ce. Cewa ake "Baiwar Allah, yaya sunanki?" ta faɗa da bakinta.

To, sai a bar ta ta mutu muna jiran sabuwar kwalba? A'a, kuma nan ne ban so ka fahimce ni a baibai. Ka ga na buɗe firij na miƙa leda biyu daga sahun ƙasa, na sa likita ya sa hannu. O negetif ne, jinin da kusan kowa zai iya karɓa, wanda muke ɓoyewa don irin wannan daren. Gano rukuni 'yan mintoci ne, cikakken gwajin dacewa kuwa yakan kusa cin awa guda, kuma mai zubar da jinin haihuwa ba ta da awar. Sai a ɗebi sabon samfuri tukuna, a rataya O, mu kuma mu shiga aiki. Masu negetif 'yan ƙalilan ne a cikin mutanenmu, don haka nake yi wa sahun nan rowa. Namiji ko tsohuwa, in ta ƙure, O fozitif ya wadatar. Negetif ɗin na mace ne mai sauran haihuwa a gaba, saboda in ita negetif ce aka ba ta fozitif, cikin da za ta ɗauka nan gaba ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

Tunda mun zo kan firij, ka riƙe lambobin nan kamar sunanka. Jini yana zama tsakanin digiri 2 da 6, kuma ledar da muke amfani da ita kwana 35 take yi. Ya haura 6, ƙwayoyin cuta sun samu gida. Ya daskare, ƙwayoyin jini sun fashe. Ka duba ma'aunin safe da yamma ka rubuta, in an ɗauke wuta ka rubuta lokacin, ka bi mai janareto har inda yake. Leda in ta fita, a fara sa ta cikin minti 30, a gama cikin awa 4. Nas-nas za su zo su ce a ba su su ajiye a firij ɗin ɗakinsu zuwa anjima. Ka leƙa firij ɗin nan wata rana, ruwan leda ne da zoɓo a ciki, ana buɗewa ana rufewa. Kada ka bayar sai majinyaci ya shirya, allura na hannu. Masu tsoma leda a ruwan zafi wai don ta yi ɗumi kuwa, ka kawo mini sunansu.

Sauran aikin ka san shi. Kowace leda sai an gwada ta don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Wadda ta fi kusa da lalacewa ita ke fita da fari. Kafin damina ta yi nisa ka fara neman masu bayarwa, don yara masu zazzaɓin cizon sauro za su cika ɗaki, ga masu sikila da ba su da lokaci. 'Yan bakin ƙofa masu sayar da jini da sunan ɗan'uwa, ka dinga duba gwiwar hannunsu, tabon allura ba ya ɓuya. Leda ɗaya mililita 450 ce, kuma namiji sai ya huta wata uku kafin ya sake.

In aka kira ka aka ce majinyaci ya fara rawar sanyi, yawanci a minti 15 na farko mummunan ke nunawa. Ka ce a tsayar nan take, a bar jijiyar a buɗe da ruwan gishiri na asibiti, a dawo maka da ledar da robarta, da sabon jini da fitsari. Kafin ka taɓa kowane gwaji, ɗora ledar kusa da takarda ka karanta suna da lamba. In sun saɓa, yi maza ka nemo ɗaya ledar, don mai yiwuwa tana rataye a kan wani gadon.

Kwalbar jiya tana nan a kwandon da muke ajiye waɗanda aka ƙi. Ɗauko littafin ka rubuta ɗakin da ta fito, da lokaci, da dalili. Ƙarshen wata zan kai wa shugabar nas-nas lissafin.